Minsharin Taubashina a Madina

Mun tashi da asuba daga Jidda, mu da 'yan ayarinmu na Umara, a wata doguwar bas mai sanyi kamar randa. Hanyar Madina shimfiɗaɗɗiya ce, ba rami ba gargada, sai baƙaƙen duwatsu dama da hagu. Direba ya saka kaset ɗin karatu, kafin rana ta ɗaga kowa ya langaɓe. Da muka tsaya karin kumallo na sayi burodin tamis mai zafi da wake dakakke da suke kira ful, da shayi kofi riyal ɗaya. Wata a cikinmu ta tsaya tana mayar da riyal naira, na ce baiwar Allah ki sha shayinki, in kika biye wa lissafi da yunwa za ki koma Kano.

Masaukinmu yana Anbariyya, tafiyar ƙafa ce zuwa Masallacin Annabi. Ranar da na fara ganin koriyar tulluwar nan ta masallacin kuka na yi, ban ji kunyar kowa ba. Kwana biyu da sauka sai ga Haruna ya zo ɗaukata. Ɗan goggona ne, wadda ta zo aikin Hajji tun kafin a haife ni ta zauna. A nan aka haife shi, ɗan ƙasa ne, yana tuƙa motar dabino daga gonaki zuwa kasuwa. Taubashina ne, don haka ko gaisuwa ba mu gama ba na ce masa wannan tumbi fa, dabinon mutane kake cinyewa a hanya?

Gidansa yana Ƙurban, kusa da Masallacin Ƙuba. Matarsa Hauwa, 'yar Hausawan Sudan, ta cika mana faranti da shinkafar buhari da kaza, ga shayi da na'ana'a. 'Yarsu Samira ma'aikaciyar jinya ce. In na yi mata Hausa tana ji sarai, amma rabin amsar da Larabci take fitowa.

Muna cikin ci Haruna ya kawo ƙara. Wai wata jami'a a ƙasar waje ta ba Samira gurbin koyon bincike a kan barci da cututtukansa. Kuɗin makaranta da masauki da abinci duk an ɗauke mata, daga wani tallafi da aka ware wa 'ya'yan al'ummomin da ba a cika ganinsu a wannan fanni ba. Ana jiran amsarta kafin watan ya ƙare, kuma ita ba za ta bar ƙasar ba sai da yardar waliyyinta. Shi kuwa ya ce atafau ba za ta je ba.

"Yaya, ki yi mata magana," in ji shi. "Barci ma sai an haye teku a koyo shi? Ta zo ni in koya mata balash, ko sisi ba za ta biya ba."

Na yi dariya har da ƙwalla. Samira ta sunkuyar da kai.

A Madina bayan azahar gari mutuwa yake yi, shaguna a rufe, kowa ya kwanta. Haruna ya miƙe a kan kilishi, nan take ya fara minshari kamar injin markaɗe. Muna hira da Hauwa sai minsharin ya ɗauke ɗif. Ƙirjinsa na motsi amma iska ba ta fita. Na zabura zan tashe shi. Hauwa ko yanke maganarta ba ta yi ba, ta miƙa ƙafa ta zungure shi, ya ja numfashi da ƙarfi kamar wanda aka tsamo daga rijiya, ya ci gaba da barcinsa.

Da la'asar muka tafi Ƙuba ni da Hauwa da Samira. Muna idar da salla na ji nauyi a kafaɗata, ashe Hauwa ce barci ya kwashe a zaune. Samira ta yi mini alama kada in motsa. Cikin raɗa, da Hausarta mai gutsure-gutsure, ta ce tun tana ƙarama haka uwarta take kwana, ido ɗaya a buɗe, tana gadin numfashin babanta. Ta ce ciwo ne sananne, yana taɓa zuciya, yana sa direba gyangyaɗi a kan sitiyari, kuma ana maganinsa. Amma mutanenmu ba sa kai shi asibiti, sai su ce gajiya ce ko dannau. Masu binciken kuma ba su da wanda zai shiga ɗakin tsohuwa 'yar Cadi ko 'yar Nijar ya tambaye ta yadda take kwana, ta saki jiki ta faɗa masa.

"Ya Goggo, ana bukatar wahid minna," in ji ta. Ɗaya daga cikinmu ke nan. Wallahi tausayinsu ya kama ni, uwar da 'yar.

Da muka koma gida na tarar da Haruna yana shan shayi. Abin da matarsa ba za ta iya faɗa masa ba don kunya, 'yarsa kuma don ladabi, taubashiya tana da lasisin faɗa. Na ce kai malamin barci, kai da za ka koyar kyauta, ka san wa ke biyan kuɗin barcin naka? Na zayyana masa abin da na gani da idona, da zungurin, da yadda Hauwa ta sulale a kafaɗata. Da farko dariya yake, yana cewa sharrin taubasai ne. Da ya ga ba wanda ya taya shi, sai ya ajiye kofin ya juya wajen matarsa.

"Hauwa, sahih? Tun yaushe?"

"Tun ina goyon Samira."

"Me ya hana ki gaya mini?"

"To ai barci kake yi, Abu Samira."

Haruna ya tashi ya ɗauki makullin motarsa. Ya mayar da ni Anbariyya, duk surutun nan nasa babu, a ƙofar masauki ma ya manta bai rama tsiyar da na yi masa ba.

Sauran kwanakin na yi su tsakanin masallaci da kasuwar dabino, inda dabinon ajwa ya fi ƙarfin jakata na koma wa mai araha. Ranar da za mu wuce Makka ya zo sallama da kwalin dabino a kafaɗa, Samira na biye da shi fuskarta kamar an ba ta kujerar Hajji. Ya ce ya yarda ta tafi, ƙaninta zai raka ta, shi ma ta yi masa hanyar ganin likita. Ya ƙara da cewa kafin nan a falo zai riƙa kwana don Hauwa ta huta, amma ta ƙi, ta ce wa zai zungure shi?

Mun sauka Kano lafiya, na raba tsaraba har da waɗanda ban yi niyya ba. Abin da tafiyar nan ta koya mini shi ne akwai ciwon da ba zai taɓa isa gaban likita ba sai ɗan gida ya yi karatunsa, don haka duk wanda ya ɗauki nauyin irin su Samira, Allah Ya saka masa. Washegari bayan azahar maigidana Malam ya kishingiɗa a tsakar gida ya fara nasa minsharin, wanda na shekara da shekaru ina yi masa tsiya a kai. Na ajiye tsintsiyar da ke hannuna, na jawo kujera kusa da shi, na zauna ina saurare.