Neman Irin Kindirmo a Tenhiya

Ƙwas! Ƙarar da na ji ke nan daga madafa, tsohuwar ƙwaryar nonona ta faɗo ta rabe biyu. A cikinta nake kwantar wa Inna, mahaifiyata, kindirmo mai kauri da yauƙi. Tun da ta yi shanyewar ɓarin jiki, abu mai ruwa-ruwa shaƙe ta yake, wannan kaɗai ke wuce mata lafiya. Na gwada a roba, ya fito tsararo. Inna ta kurɓa, ta yi ta tari har hawaye.

Mun tashi da asuba daga Tanut, ni da ƙanena, a bayan motar kasuwa, zuwa Tenhiya wajen Bafulatanar da ta ba ni ƙwaryar tun ina amarya. Kuɗin mota ya hau, amma wuri bai ƙaru ba: wani rago ya ɗora haɓarsa a cinyata har muka isa. Hanya rairayi ce, sai dai damina ta yi albarka, ciyawa shar, raƙuma na kallonmu kamar mun shigo musu gida ba sallama.

Mun same ta a ruga, ta tsufa. Aka shimfiɗa tabarma, aka kawo shayi da cuku. Da na faɗi abin da ya kawo ni, ta ɗaga ludayi daga kindirmonta, zare ya biyo shi bai tsinke ba. Nan na tuna darasinmu na lakwal, wato makarantar boko: ƙananan halittun da ke tsamar da madara, wasunsu na saƙa sukarinta ya zama dogayen zaruruwa masu riƙe ruwa. Ashe su ne ke zaune a jikin ƙwaryata.

Ta ɗauko ƙwaryar da take aiki da ita, ta zuba irin kindirmo a ɗan gora, ta miƙo mini duka. Na kai hannu bakin zane zan kunto kuɗi.

"A'a, 'yata, iri ba a sayar da shi. Kada dai sabulu ya taɓa ƙwaryar. Ki gaida Innarki."

A dawowa na rungume ƙwaryar kamar jaririya, kowace gargada sai na yi salati. Na koyi cewa rahamar Allah kan ɓuya a abin da ido ba ya gani, da hannun mutanen da muka daɗe ba mu ziyarta ba.

Da muka iso gida na zuba madara da irin a ƙwaryar, washegari nono ya kwanta. Na kasa tsayawa in kalla, na ba ƙaramar 'yata ta kai wa Inna. Can sai ga ta da kwano wayam.

"Mama, Kaka ba ta yi tari ba. Ta ce wai rowa kike mata, a ƙaro."