Bashen Hamidu da dammunan hatsi

Ruwan da ya sauka ran nan a Karofan ba na lokacinsa ba ne. An gama girbi, an ɗaure dammuna, kowa ya ɗauka damina ta yi sallama. Bayan azahar sai gabas ta haɗe, aka yi ta zuba har la'asar sakaliya. Rumbuna huɗu suka faɗi a unguwarmu, har da na maƙwabcina Hamidu.

Hamidu direba ne tun muna samari. Shekara ashirin da wani abu ya yi yana jan wata farar Fijo 404, irin mai rufin bash, wato tamfol, a baya wadda muke kira bashe, yana kai mutane kasuwar Buza da ta Madawa. Da ta gaji aka jingine ta a ƙarƙashin gawo, kaji suka mai da ta wurin ƙwai. Shi kuma ya koma gona.

Abin da ya mai da shi ga motar idonsa ne. Likita a Madawa ya gaya masa ba yanar ido ba ce da za a cire, ciwo ne mai cin gani a hankali. Ya dawo ya zauna kusa da ni a dakali.

"Adamu," ya ce, "so nike in kai ta Buza sau guda, ni da kaina, tun ina ganin hanya."

Shekara uku ya yi a kanta. Ya sauke inji a kan tabarma, ya wanke kowane ƙarfe da man gazuwal, ya jera su a kwanonin matarsa Mariama, har ta ce ta rasa na zuba miya. Karburato daga wani garaji na Tawa ya samo shi. Radiyato kuwa ruwan sama kaɗai yake ba ta, wanda ya tara a randa, don ya ce ruwan rijiyarmu yana cin ƙarfe. Wayoyin wuta su suka fi ba shi wuya. Na asali duk sun ruɓe, sai ya sayo sababbi kala-kala ya shimfiɗa su da tsarin kansa: ja ga wannan, tsanwa ga wancan, baƙi mai ƙullin zare ga fitila. Bai rubuta ko ɗaya ba, don bai yi lakwal, makarantar boko, ba. A kansa suke.

Kwana biyu kafin ruwan nan, Hamidu ya tayar da ita. Duk unguwa ta fito. Tayoyi kawai suka rage, ya ce ran kasuwa mai zuwa za mu tafi, ni a gaba.

Da rumbu ya faɗi, dammuna suna cikin caɓi, Mariama ta tsaya a tsakar gida tana duban ɗakunan da ke yoyo. Wuri ɗaya ne busasshe a gidan.

"Malam, sai dai cikin amaryar taka," in ji ta, tana nuna motar.

"To, ta ci abincinmu shekara uku, bari ita ma ta yi muna rana," ya ce, yana dariya.

Da hannunsa ya ɗage bash ɗin, ni na riƙa miƙa masa. Muka cika bayanta, muka cika gaban har kan kujerar direba. Ya ce na sati guda ne. Amma ginin rumbun laka ba ya son gaggawa, sai an jira kowane zagaye ya bushe, maginin kuma gida huɗu ke jiransa. Wata biyu da rabi hatsin ya yi a ciki. Ni manomi ne, na san abin da ke bin hatsi duk inda ya kwana, amma ban tuna ba, shi ma bai tuna ba.

Ranar da muka kwashe, kusu, wato ɓera, ya yi ta tsalle daga ƙarƙashin kujera. Hamidu ya sa hannu a bayan sitiyari ya jawo wayoyi guntu-guntu, an gaigaye su, wasu an yi sheƙa da su. Ya fito da su rana, ya kai su dab da fuskarsa, ya juya.

"Wanga ja ne ko baƙi?"

Na ce tsanwa ne. Bai sake tambaya ba.

Daga baya ya kira Shafi'i, mai gyaran wutar mota a Buza, mutum mai haƙuri. Shafi'i ya wuni a ƙarƙashinta, ya fito yana karkaɗe riga.

"Baba, wanga ba aikin kamfani ba ne, aikinka ne. In ka yarda in tsige duka in sake, bayan salla in na samu sarari."

"Bayan salla wa zai ja ta?"

"Ni in ja ka, ka zauna gaba kamar alhaji."

"Na gode, ɗana. In zaman fasinja ne, ban rasa motar shiga ba."

Mun gwada ni da shi, ni ina faɗin kala, shi yana faɗin inda za ta. Amma hannuna bai san aikin ba, nasa kuma ba ya samun ramin sai da lalube, in an jima sai lissafin ya kwance masa. Mariama ta daina ce wa motar amarya. Sau ɗaya ta ce masa laifinta ne, ya ce ba ita ta ɗage bash ba, kuma hatsin da muke ci shi ne wancan.

Yanzu Hamidu yana gidansa a Karofan, yana bambance rana da inuwa kawai. Motar tana kan duwatsu huɗu a ƙarƙashin gawo, ba ta je Buza ba. Duk Juma'a da hantsi nakan riƙe masa hannu zuwa gabanta, ya sa maniwal, ƙarfen tayar da mota da hannu, ya juya injin sau goma don kada ya kame.