Ɗakin da Alhaji Ya Mayar Zaure

Gidanmu na Nassarawa Turawa ne suka gina shi, Bature kuwa bai san zaure ba. Duk wanda ya zo, daga baranda sai falo, ya same mu yadda muke: ni ba ɗankwali ina duba littattafan ɗalibaina, yara a baje gaban talabijin. Shekara da shekaru abin bai dami kowa ba, sai da aka ƙaddamar da shari'a a Kano, maigidana Alhaji kuma ya ajiye aikin gwamnati ya faɗa siyasa. Maza suka fara cika mana gida tun hantsi. Wata rana wani malami da Alhaji ke neman goyon bayansa ya leƙo, ya hango ni, ya ja da baya ya ce shi a baranda zai zauna. Daga ranar Alhaji ba shi da zance sai na zaure.

Ɗaki ɗaya ne a gidan ke da ƙofa ta waje, na can ƙarshen gida, mai banɗakinsa a ciki. A nan 'yar yayata take. Tana da shekara shida uwarta ta rasu, na je Kawaji na ɗauko ta bayan doguwar ja-in-ja da dangin ubanta, musamman wata gwaggonta mai bakin tsiya. Na rantse ba za a ce na wulaƙanta marainiya ba, don haka na ba ta ɗakin da ya fi kowanne kyau. 'Ya'yana maza biyu ɗaki guda suka haɗa, autata kuma tana ɗakina. Duk dangin da suka zo sai na kai su sun ga gadonta da labulenta, ina jin daɗin yadda suke gyaɗa kai.

Shekara goma sha biyu bayan nan ta sami jami'a a Zariya. Kwana tara da tafiyarta, muna karin kumallo, Alhaji ya ce, "Hajiya, ranar Asabar magini zai zo. Za a faɗaɗa ƙofar wajen nan, a toshe ta ciki."

"Ƙofar wane ɗaki?"

"Kin san wanda nake nufi."

Na dire kofin shayi har ya fantsama. Na ce, "Ko kwana goma yarinyar nan ba ta yi ba! Da ɗakin 'ya'yanka ne za ka taɓa shi?"

Ya ce, "Ki ji tsoron Allah. Yaushe na taɓa bambanta ta da su?"

Bai taɓa ba, na sani, amma ni in raina ya ɓaci ba na tsayawa tantance gaskiya. Tsoro nake ji. Ina tsoron gwaggon nan ta ji labari ta zaga dangi tana cewa dama jira muke yarinya ta ɗaga ƙafa. Abin da ya fi wannan, ina tsoron ita yarinyar ta dawo hutu ta tarar da takalman maza a ƙofarta, ta ɗauka zamanta a gidana ya ƙare. Makullin yana hannuna, na ce ba zan bayar ba. Kwana uku tsakanina da Alhaji sai gaisuwa, ita ma ciki-ciki.

Ranar Asabar magini ya iso da gudumarsa ya zauna gindin mangwaro. Na ɗauko makulli na ce wa Alhaji ya biyo ni. Nufina in buɗe ɗakin ya ga littattafanta da kayanta, ya faɗa mini da bakinsa inda zai watsa su.

Na buɗe, ba komai nata a ciki. An jingine katifa da bango, an wanke zanin gado an ninke a kan kujera. Na jawo ƙofar kabad, wayam. Hoton uwarta babu, allonta na yarinta babu, har tsofaffin kayan makarantar da suka yi mata kaɗan ta tafi da su. Ranar tafiyarta na ga jakunkuna huɗu har na tsokane ta, na ce ko kanti za ta buɗe a Zariya, ta yi murmushi kawai. Sai a lokacin na gane dalili. Alhaji ya juya ya fita ya sallami magini.

Washegari na ja mota da kaina na tafi Zariya. Su huɗu ne a ɗan ɗakinsu, jakunkunanta cushe ƙarƙashin gado, ɗaya a kan kabad. Na kira ta waje.

"Me ya sa kika kwashe komai?"

Ta sunkuyar da kai tana murza bakin hijabi. "Mama, tun bara nake jin Baba yana maganar zaure. Na ga gara in sauƙaƙa muku." Sannan ta ce, "Ai dama ɗakin baƙi ne."

Gaskiya ta faɗa. Haka muke kiransa. A kai tsintsiya ɗakin baƙi, a kashe fankar ɗakin baƙi, tana ciki tsawon shekarun nan kuma ni ce kan gaba wajen faɗa. Sai ta ƙara da cewa in an yi hutu za ta sauka Kawaji wurin gwaggo, don kada ta takura mana.

Nan na fashe. Na yi mata faɗa har 'yan mata suka riƙa leƙowa ta taga. Na shiga na fizgo jaka biyu na jefa a but ɗin mota, na ce, "In kika sauka Kawaji ban yafe miki ba." Kafin in fita garin na yi nadamar wannan kalma, don ba a faɗa wa marainiya ita.

A hanya na tuna gidanmu na cikin birni, inda ni da yayata muka tashi. Babu 'ya macen da ke da ɗakinta. A ɗakin uwarki kike, a shimfiɗa ɗaya da 'yan'uwanki, har ranar da za a kai ki naki. Ni kuwa na ɗauki yarinyar da aka binne uwarta ba da daɗewa ba na ajiye ta ita kaɗai a ƙarshen gida, na koma na rungume tawa, kuma ina tinƙaho da hakan. Na tsaya gefen titi na yi kuka mai isata.

Da na dawo na ce wa Alhaji ya kira magininsa. Aka toshe ƙofar ciki, aka shimfiɗa darduma, aka jera butoci. Gadonta na sa aka shigar ɗakina, aka matsa nawa jikin taga, autata tana ta ƙunƙuni wai an cinye mata wuri. Jakunkunan biyu na zazzage su a kabad ɗina, na haɗa kayanta da nawa.

Ranar da aka ba su hutu ban iya cin komai ba. Daga tasha hanyar Kawaji ba ta fi tamu wuya ba, kuma ban san wadda za ta zaɓa ba. Duk ƙarar mota sai na ɗaga labule. Azahar ta wuce. Bayan la'asar tasi ta tsaya a bakin get. Na ga ta sauko, ta dubi takalman da ke jere a tsohuwar ƙofarta, ta ɗauke kai. Ta yi sallama ta shigo falo, ta durƙusa ta gaishe ni, jaka riƙe a hannu ba ta ajiye ba.

Na karɓe jakar na yi gaba, ta biyo ni. A ƙofar ɗakina ta tsaya tana kallon gadonta kusa da nawa. Can ta shigo a hankali ta zauna a bakinsa, ta shafa zanin.

"Mama," ta ce, ba ta ɗago ba, "lokacin da aka kawo ni, sau da yawa ina zuwa ƙofar nan da matashina. Sai in ji kina yi wa auta wasa, in koma."