Haggai Mai Rewaya da Yayen da Ya Ƙi Yi

Kafin masu ƙosai su sauke kaskon farko, Haggai mai rewaya, mai gyaran wayoyin wutar mota, ya riga ya share rumfarsa da ke bakin hanyar Rikoto. Sai ya shimfiɗa buhu ya jera kayan aiki kamar mahauci na jera wuƙaƙe: fulaya, sukudireba, dalma, da ɗan ƙwan gwaji da yake gane ko wuta na tafiya cikin waya. Ba ya taɓa mota sai ya cire kan batir, ba ya taɓa batir sai ya sunkuyar da kai ya yi addu'arsa. Haka muka san shi tun gashinsa na baƙi, haka yake har watan nan da ido ya ce masa ya isa, ya shirya ajiye aiki. Yabon gwani ya zama dole. Amma ni ba na yabo da ƙarya, don haka zan faɗi alherinsa, in faɗi kumallonsa.

Direbobin hanyar Sakaba da na Mahuta su ne shaidunsa. Ku tambayi Talle mai akori-kura ranar da hayaƙi ya turnuƙe motarsa a bakin kasuwa, ga buhunan dawa a baya, kowa ya ja da baya yana salati. Haggai ne ya cusa hannu tsirara ya fizge wayar da ke ci. Tabon na nan a tafinsa har gobe. Kuma duk wanda ya buɗe motar da ya yi wa aiki zai gane hannunsa, don kowace waya ya haɗa sai ya naɗe ta a yatsa ya bar mata ɗan zobe kafin ya ɗaure. Cewa yake a bar wa waya numfashi, in ka ja ta ta miƙe tsam, ramin farko a hanya zai tsinka ta. Kai ne rewayan da ba a dawo maka da aiki, Haggai.

'Ya'yansa maza, Michael da Aaron, soja suka shiga kamar yadda aka saba a ƙasar nan, babu wanda ya kalli fulaya. Wadda ta zauna a kan buhun nan ɗiyar maƙwabcinsa ce, Uzoamaka, ɗiyar Ambrose Inyamuri mai sayar da kayan mota a shagon da ke jingine da rumfar. Daga makaranta sai rumfa, har mutane na yi masa dariya wai ya rasa almajirin sana'a sai mace. Bai kula ba. Ya koya mata bin waya da yatsa, ya koya mata sauraron mota kafin a kwance ta. Tana cikin koyo aka kira ta jami'a, daga can sai Turai, ba a samu an yi mata yaye ba. Yayen nan kuwa, wanda 'yan gareji ke ce wa firidom, ba wasa ba ne. Mai koyo ya kawo goro da lemo, maigida ya sa masa albarka ya miƙa masa kayan aiki. Kafin ranar, duk abin da hannun mai koyo ya yi, aikin maigida ne.

Bara labari ya iso Zuru cewa Uzoamaka na cikin injiniyoyin wani kamfani da ke ƙera wata motar gudu da ba a fitar ba tukuna. Yadda ta yi wa ubanta bayani, motar tana da injin fetur a baya da injinan lantarki a ƙafafun gaba. Jikinta ba ƙarfe ba ne, wani baƙin zare ne aka saƙa aka daskarar, ga ƙarfi ga rashin nauyi. Tana da fiffike a baya da ke tashi da kansa ya danne ta a ƙasa in gudu ya yi gudu. Kuma akwai ƙwaƙwalwa a cikinta mai jin abin da kowace taya ke ciki, ta raba musu ƙarfi kafin ƙiftawar ido. Wayoyin da ke kai saƙo tsakanin ƙwaƙwalwar da batir da tayoyin, su ne rabon Uzoamaka.

Ambrose ya yanka akuya, ya shirya godiya a coci. Gari ya cika shagonsa ana ta yi masa barka, ana cewa barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Haggai na zaune a rumfa, bango ɗaya ne tsakani, yana jin komai. Wace barewa? Ambrose da ya san kuɗin fiyus amma bai san ramin da ake sa shi ba! Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Babu wanda ya leƙo ya ce masa sannu da ƙoƙari, kuma wannan abin kunyarmu ne mu duka.

An ce kishi kumallon mata ne. Wanda ya faɗi haka bai zauna da masu sana'a ba. Haggai bai je godiyar ba, ya ce ciwon baya. Ya daina sayen ko ƙusa a shagon Ambrose, sai ya tako da idon nan nasa har wancan gefen gari, alhali sun tsufa suna cin tuwo a kwano ɗaya. Duk wanda ya ɗauko zancen motar sai ya taɓe baki ya ce wace irin mota ce wadda ko buhun dawa ɗaya ba ta ɗauka, a kawo ta hanyar Mahuta da damina a ga ƙarshen ƙwaƙwalwa. Amma matarsa Monica ta sha kama shi ya manna wayar salula a hanci yana ƙura wa hoton motar ido. Abin da ya rage masa na riƙewa guda ne, kuma shi yake maimaita wa direbobi: bai yaye Uzoamaka ba, saboda haka wayoyin motar can aikinsa ne, ko Turawa sun sani ko ba su sani ba.

Da Kirsimeti Uzoamaka ta zo gida. Washegari da safe sai ga ta da ubanta a bakin rumfa, da ƙullin goro da katan ɗin lemo. Ta durƙusa ta gaishe shi, ta ce ta ji zai ajiye aiki, ba ta son motar ta fito duniya ita ba ta da albarkarsa, ta zo a yaye ta. Nan Haggai ya ga abin da ake nema a hannunsa. In ya yaye ta, igiyar da ta rage tsakaninsa da motar ta yanke ke nan. Ya haɗe rai ya ce ba a yaye mai laushin hannu, ga motar Talle can wutarta ta mutu gaba ɗaya, ta tashe ta tukuna.

Ambrose ya ce, "Haba Oga Haggai, injiniya guda za ka sa ƙarƙashin wannan ruɓaɓɓen mota?"

"Kai ka haife ta, sai ka yaye ta da kanka, in ka san inda ake riƙe fulaya," in ji Haggai.

Ita dai ta nufi motar. Ta ɗaura ɗankwali, ta cire kan batir, ta shiga aiki. Rana ta take, dalma ta ƙone mata yatsa, Haggai ya ji ta ja tsaki ya yi murmushi, don abin ya yi masa daɗi, ba zan ɓoye ba. Da ta gama ya tashi ya bi aikin da yatsunsa tun da ido babu, yana neman aibi kamar mai neman ƙaya a ƙafa. Ko'ina ya taɓa sai ya ji ɗan zoben nan. Ya tambaye ta ko a can ma haka take yi. Ta gaya masa gaskiya, cewa a can sun san zoben tun ba a haife ta ba, a jiragen sama ma ana yinsa, har suna gare shi. Wannan ta fi komai yi masa ciwo. Ashe ko zoben ba nasa ba ne shi kaɗai.

"Su a takarda suka karanta, Baba," in ji ta. "Ni a yatsanka na gani."

Talle ya murɗa makulli, mota ta tashi, fitilu suka kama. Haggai ya koma kan bencinsa, ya ce sai ya yi tunani. Monica da ta kawo masa abinci tana tsaye tana kallo, sai ta ajiye kwanon ta ce, "Maigida, ba kai ne mai cewa waya in an ja ta da yawa ta tsinke ba?"

Sai Haggai ya jawo akwatinsa, ya fito da wata sabuwar fulaya a naɗe cikin tsumma mai maiƙo, wadda ya saya wa Uzoamaka tun kafin ta tafi jami'a, ko Monica ba ta san da ita ba. Ya miƙa wa almajirar tasa, ya ɗora hannu a kanta ya yi addu'a.

"Daga yau aikinki naki ne, ɗiyata. Motar ma taki ce, ba ni da komai a ciki. Je ki."

Ya ɓare goro, ya miƙa wa Ambrose rabi ba tare da ya kalle shi ba.

Kada wani ya ce kishin ya warke. Jiya na wuce na same shi a bencin shagon Ambrose, suna cin gyaɗa, yana nan yana rantsuwa motar ba za ta kai Mahuta ba. Ban ga laifinsa ba. Wanda bai yi wahalar abu ba shi ke iya kyauta da shi yana dariya. Kai ka ba da naka yana yi maka ciwo, Haggai, shi ya sa na tsaya a gabanka yau na cire hula. Kai ne ka tashi motocinmu muka ci abinci, kai ne ka buɗe wa ɗiyar wani hannunka lokacin da ake yi maka dariya. Mun makara da godiya, amma ga ta: mun gode, Allah ya ba ka lafiyar ido da tsufa mai daɗi.

Ku kuma masu gareji da masu shago da kuke ɓoye sana'a don kada na ƙasa ya fi ku, ku je Rikoto ku ga tabon hannun mutumin nan. Ku koyar, ku ɗaure da kyau, in lokaci ya yi ku saki. Ku bar wa waya numfashi.