Ruwa a Sakaina

Kakata Inna Delu ba ta iya tatsuniyar ban dariya ba. In an gama tuwo, garwashi ya yi ja a murhu, sai ta tura itace da ƙafa ta ce, "Ga ta nan tafe, mai gyangyaɗi shi ya sani." Mu kuwa mu matso, tsoro ya hana mu ko tari.

Akwai wadda ta fi maimaitawa. Wai wani matafiyi, cikin mutanen nan marasa gari, ya iso wani ƙauye ƙishi na neman kashe shi. Mutanen ƙauyen suna ƙyamar irinsa, sai suka zuba masa ruwa a sakaina, suka tura masa da sanda. Ya sha, ya yi godiya, ya kife sakainar a bakin rijiya ya wuce. Kwana bakwai, ciwo ya shigo gari. Kowa ya fara tsoron moɗar ɗan'uwansa, har uwa ta koma tura wa ɗanta ruwa da sanda. Wanda ya kasa tashi kuwa, sai dai ya kalli ruwan.

"Ba ciwon ne ya ƙarar da su ba," in ji ta. "Ƙishi ne, ga rijiya cike."

Na ce, "Inna, baƙon ne ya yi musu baki?"

"Ji shashasha. Shi ai godiya ya yi. Su ne suka koya wa hannunsu."

Na manta da wannan tatsuniya sai da na zo Doha aikin gadi. Mu shida ne a ɗaki a Umm Salal, har da wani Ba'indiye mai suna Mangal. Na lura 'yan ƙasarsu ba sa taɓa kofinsa, wani jan kofi na roba. Da na tambaye shi, ya ce shi Bedia ne, wata ƙabila da ake ƙyama a ƙasarsu. Wai kakansu na farko ɗan sarki ne da ya auri 'yar mutanen daji, zuri'ar ta rasa gefen da za ta raɓa, ta shiga yawo. Ranar na cika baki, na ce mu a wurinmu ba a haka.

Sai korona ta zo, aka kulle mu. Zazzaɓi ya kwantar da Mangal, muka kwashe katifunmu muka koma baranda muna jiran motar asibiti. Da azahar na ji yana kirana, "Habu, ruwa."

Wallahi tsoro ne ya kama ni, ba ƙyama ba, haka nake gaya wa kaina har yau. Na cika jan kofin, na ajiye a bakin ƙofa, na ɗauko tsintsiya mai dogon mariƙi na tura masa. Ya rarrafo ya ɗauka, rabi ya zube.

Ya ce, "Khalas, ya wuce, Habu, kada ka damu. Na saba."

Da la'asar aka tafi da shi, bai dawo ɗakin ba. Wasu sun ce ya warke ya koma gida, wasu sun yi shiru.

Lokacin gasar kofin duniya ina gadi a Al Rayyan, na ga baƙi da ba su san juna ba suna miƙa wa juna gorar ruwa, raina ya ɓaci ba dalili. Inna ba ta taɓa cewa ƙurunƙus a wannan tatsuniya ba, a da ina tsammanin mantuwa ce. Jan kofin yana nan a kan tagarmu, a kife. Ban san wanda ya kife shi ba, kuma har yau babu wanda ya taɓa shi.