Saƙon Inna da Na Kai Makka Na Dawo da Shi

Talata: Malumfashi zuwa Jidda

Ƙarfe huɗu da rabi na asuba Ilu direba ya tsaya a ƙofar gida. Ni da ko Funtuwa sai an yi da gaske nake zuwa, ga ni da jaka biyu za ni Umara. Na shiga yi wa Inna sallama, na same ta zaune a kan buzu, idanun nan da suka daina gani suna fuskantar bango.

Ta ce, "Balaraba, in kin je ki ce wa waccan ta dawo gida. In ta ƙi, ki ce ban yafe mata nonona ba."

Waccan ita ce Yaya Hure. Saboda kunyar 'yar fari Inna ba ta taɓa kama sunanta ba, ko a waya daga "kuna lafiya?" sai ta miƙo mini. Shekara ashirin da biyu ke nan da Yaya ta tafi Hajji ta zauna. Na ce to, na fito.

Mun yi sallar asuba a Dayi. Kafin Gwarzo wani soja ya leƙo ya ce ina zuwa.

Ilu ya ce, "Makka, ranka ya daɗe."

"A wannan akwalar?"

"Ni Kano ce iyakata, Hajiya ce za ta ƙarasa."

Sojan ya yi dariya ya ce in sa shi a addu'a. Bakwai saura muka isa filin jirgi, sha ɗaya muka tashi. Ban ci abincinsu ba, ƙuli-ƙulina na yi ta gurgura har Jidda. Daga nan bas ta kwashe mu, aka duba takardunmu a shingen Shumaisi, bayan isha'i muka shiga masaukinmu a Jarwal, hawa na tara, mu huɗu a ɗaki.

Laraba: Mansur

Bayan asuba na yi Umarata. Ganin Ka'aba ba zan iya rubuta muku shi ba, sai dai Allah ya kai kowa. Da hantsi na shiga tasi zuwa Mansur, unguwar da za ki ji Hausa kamar a kasuwar Kurmi. A wani lungu na iske Yaya tana juya waina. Ta yi furfura, ta kuma ɗauko tafiyar Inna sak.

"Khalas, kukan ya isa haka," ta ce, alhali ita ma yi take. "Yalla, zauna ki ci."

Na ci, na isar da rabin saƙo. Ta ajiye cokalin.

"Balaraba, ba ni da igama, takardar zama. In na miƙa kaina aka mai da ni gida, sai sun ɗauki yatsuna, ni da Makka kuma sai a mafarki. Nan kabarin mijina Malam yake. Nan 'yata Maimuna take da 'ya'yanta uku. Ita ke nan gare ni."

Na ce, "Inna ma ke kaɗai ce 'yar farinta."

Na ce a raina zan bari sai Juma'a, sannan in saki sauran maganar.

Alhamis: Rusaifa

Duk Alhamis Yaya tana yi wa wani gida girki a Rusaifa. Kakansu da ƙafa ya zo daga Sakkwato, su kuwa duk nan aka haife su. 'Yar gidan, Samira, malamar adabi ce, ita ta zo ta ɗauke mu a motarta. Hausarta rabi Larabci ce, Khala take ce mini, wato ƙanwar uwa.

Yaya ta shiga kicin, ni kuma aka ba ni gyaran rumman a falo. Nan na ga littafi a buɗe, da hoton wani mai gemu riƙe da mashi mai baki uku.

"Wannan wane sarki ne?"

"Fosaidon ne, Khala. Mutanen Girka na da can sun ɗauka shi ne allan teku."

Na yi a'uziyya na ja kwanona gefe. Na ce a garin nan, da Harami kusa? Ta yi murmushi ta ce ba mai bauta musu yau, tatsuniyoyinsu ake karantawa don a san yadda mutanen suka fahimci duniya. Ni kuwa kun san ni da labari.

Ta ce 'yan'uwa uku ne suka yi ƙuri'a suka raba duniya. Ziyus ya sami sama da tsawa, Fosaidon teku, Hadis kuma ƙarƙashin ƙasa inda matattu suke. Manyansu a kan dutsen Olimbus suke zama, suna faɗa, suna gaba, suna cin amanar juna. Na ce wannan ai gidan haya ne. Ta ce akwai kuma jarumai, rabi mutum rabi su, kamar Hirakil da aka ɗora wa ayyuka goma sha biyu, har da kashe zaki da hannu da share wani ƙaton turken shanu a yini ɗaya. Amma dukkansu, in ji ta, akwai abin da ya fi ƙarfinsu: wasu tsofaffin mata uku, ɗaya tana kaɗa zaren rayuwar mutum, ɗaya tana aunawa, ɗaya tana yankewa.

Na ce, "Ashe su ma sun san da ƙaddara, hanya ce suka ɓata."

Ta dubi kwanon da ke cinyata ta ce rumman ma yana da labari. Dimita ita ce mai kula da amfanin gona a wurinsu. Hadis ya sace 'yarta Fasifoni ya kai ta ƙarƙashin ƙasa. Uwar ta bi duniya tana kiran sunan 'yar, ta hana komai tsirowa, har yunwa ta kusa ƙarar da mutane. Dole Ziyus ya tura ɗan aike a dawo da ita. To amma dokarsu, wanda ya ci abincin can ya zama na can, ita kuwa ta ci 'yan ƙwayoyin rumman. Sai aka raba shekara: wasu watanni wurin uwar, ƙasa ta yi kore, wasu watanni can, ƙasa ta bushe.

Ban san Yaya tana tsaye a bakin ƙofa ba sai da ta yi magana.

"Ita an raba mata shekara. Ni wa zai raba mini?"

Ta koma kicin. Samira ta rufe littafin ta ce, "Ma'alesh, yi haƙuri Khala, ban yi tunani ba."

Ni ce ban yi tunani ba. Tun daga Malumfashi uwa ɗaya nake ƙirgawa, alhali biyu ne. In Yaya ta bi ni, abin da ke cin Inna shi zai koma cin ta, kuma babu dawowa. Wani abu ma ya tsaya mini: waccan uwar ta labari ta sami damar yin ihu da sunan 'yarta duniya ta ji. Tamu ba ta da wannan damar, shi ya sa kewarta ta fito da kamar fushi.

Juma'a: Harami

Bayan an sauko muka zauna a inuwa muna shan zamzam. Yaya ta ce, "Na san Inna. Ba iyakar saƙon ke nan ba. Faɗi sauran."

Saƙo amana ne, kuma ba wurin yin ƙarya nake zaune ba. Na ce, "Akwai saura, amma ba zai fita ta bakina ba. Ni da ita ne."

Ta sunkuyar da kai. Kwana biyar da suka rage kullum ina Mansur, ina taya ta wanke tanda, jikokinta suna yi wa Larabcina dariya. Ranar tafiya ta raka ni har bakin bas a Jarwal. Nan ne iyakarta, ba ta iya wuce shinge.

Komawa gida

Mun sauka Kano ƙarfe biyu na rana, Ilu yana jira. Biyar da kwata muka shiga Malumfashi. Ko jaka ban kwance ba na wuce ɗakin Inna na durƙusa.

"Ke kaɗai ce?"

"Ni kaɗai ce, Inna."

"Kin faɗa mata?"

"Rabi na faɗa. Rabin na dawo miki da shi."

Na ba ta labarin igama da kabarin Malam da jikoki, har da na uwar nan ta Girkawa. Ta ci gaba da jan carbinta. Can ta ce, "Ta rame?"

"A'a, ta dai tsufa. Tafiyarki take yi."

Ta lalubo kaina ta dafa. "Gara da ke na aika."

Na gode wa Allah da ya kai ni ɗakinsa ya dawo da ni lafiya. Na gode wa maigidana da ya bar ni na tafi, da Ilu, da Samira, da ku da kuka riƙe mini gida. Wadda duk ta karanta wannan, ta sa Inna da Yaya Hure a addu'a, su biyun tare.