Akwatin Tukur Ya Cika

Shekara bakwai ke nan da muka ɗauki Tukur daga Ƙofar Kibo muka kai shi makwancinsa. Taubashina ne, ɗan ƙanwar babana, kuma har yau ban sami wanda zan tsokana ya rama da kyau kamarsa ba.

Shi ya tara mu, masu fassara manhajar kyauta zuwa Hausa, irin wadda kowa ke iya buɗe cikinta ya gyara. Ya kafa mana zauren imel: ka rubuta saƙo ɗaya, ya faɗa akwatin kowa, ko yana so ko ba ya so. Tukur kuwa ba ya shiga magana sai ya gai da mutum, ya gai da iyalinsa, ya tambayi lafiyar awakinsa. Kafin ya iso kan kuskuren da ke cikin manhajar, gemuna ya ƙara tsawo. Akwai kalmar da muka yi ta gardama a kanta har wayata ta yi nauyi tana ja mini aljihu.

Ina cikin masu cewa a koma dandali a shafin intanet, inda kowane batu ke da ɗakinsa, baƙo ya binciko tsohuwar amsa ba sai ya tashe mu ba. Na ce masa sabo turken wawa ne. Ya yi dariya ya ce, "Taubashi, dandali kasuwa ce, mai buƙata ke zuwa. Imel sallama ce a ƙofar gida. Ko ba ka fito ba, ka ji."

Ranar da ya rasu, saƙo ɗaya aka tura. Kafin la'asar zauren gidansu ya cika da mutanen da bai taɓa haɗa ido da su ba.

Bayansa muka koma dandali, kuma ba zan ci amanar gaskiya ba, aiki ya yi sauri. Matasa sun shigo, komai tsaf kamar jeren amarya. Sai bara Malam Haruna, tsohon malamin makaranta da ke duba mana ƙa'idar rubutu daga ƙauyensu, ya riga mu gidan gaskiya. Ɗansa ya sa sanarwa a ɗakin fassara, inda ya saba ganin mahaifinsa na rubutu. Mai kula da dandalin, ba da mugun nufi ba, ya ga ba batun fassara ba ne, ya mayar da ita ɗakin "Sauran Batutuwa", ɗakin da ko aljanu sun daina leƙawa. Ba mu ji ba sai bayan sadakar arba'in. A tsakanin nan har wani ya rubuta ƙorafi, wai Malam ya yi watsi da gyaransa.

Da Tukur na nan, na san ba gori zai yi mini ba. Cewa kawai zai yi mu nemi mota mu je gaisuwa. An ce zumunci a ƙafa yake, amma ai sai kunne ya ji ƙafa ke tashi.

Yanzu an yanke shawarar rufe tsohon zauren imel ɗin, mabuɗinsa kuma a hannuna yake. Kafin in rufe na tura sallama kawai. 'Yan tsiraru suka amsa, wani har da tambayar awakina, alhali ko kaza ba ni da ita. Sai ga amsar na'ura daga adireshin Tukur, wanda babu wanda ya taɓa iya cirewa: akwatin ya cika, ba ya karɓar saƙo.

Kalmomin da ya zaɓa suna cikin kwamfutocin mutanen da ba su san sunansa ba, wannan ba ya buƙatar mai gadi. Sallamar ce ke buƙata. Na gaya wa matasa mabuɗin ya ɓace, sun kuma san halina. Duk Juma'a zan riƙa turawa, akwatin Tukur ya riƙa dawo mini da ita. Allah ya jiƙanka, Taubashi. Ko ba ka fito ba.